Lodin Waken da Na Kai Anacha

Duk yaron da ya tashi a Potiskum ya san ƙarar tirela tun kafin ya iya karatu. Ni ma haka na tashi a unguwar Dogo Tebo, ina ganin direbobi suna dawowa daga Kudu da burodi da ayaba da atamfa, ana yi musu sannu da zuwa kamar waɗanda suka dawo daga Makka. Mahaifinmu manomi ne, gonarsa tana wajen Mamudo. Yayana ya riƙe gonar, ni kuwa na bi mota, har Allah ya sa aka ba ni sitiyari, na yi aure, na tara iyali. A unguwa kallon mai kuɗi ake yi mini. In an tashi neman gudummawar biki ko gyaran masallaci, ƙofata ake fara ƙwanƙwasawa. Ban taɓa iya yi wa kowa bayanin da zai gamsu ba, domin ni kaina ban gane yadda kuɗi yake shigowa da yawa haka, kuma ya fice bai bar komai ba.

Motar da na fi daɗewa ina ja ta wani dattijo ce, Alhaji kawai muke ce masa. Ɗan Karekare ne, har ya tsufa Hausarsa ba ta rabu da harshen gida ba. Shi ma tsohon direba ne. A lokacin da abin ya yi masa kyau tirela uku gare shi. Ɗaya ta faɗi a hanya, ya sayar da ta biyu ya gyara ta uku, ita ce ta rage a hannuna. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. In na dawo daga tafiya, kafin ya tambaye ni kuɗi sai ya zagaya motar yana bubbuga tayoyi da sandarsa, yana leƙa ƙarƙashi, kamar mai duba lafiyar doki.

Ga yadda aikin yake. Mai kaya zai je wurin ɗan kamasho, wato mutumin da yake haɗa kaya da mota ya cire nasa kason. A yi ciniki. Mai kaya ya ba da wani abu a gaba, sauran sai an sauke. Daga abin da ya bayar za a sha baƙin mai, wanda mu muke ce wa gas, sannan a ba ni kuɗin hanya. Abin da ya yi saura bayan an dawo shi ne na Alhaji. A ciki zai biya ni, ya sayi taya, ya yi juyen mai, ya sabunta takardu. In ka ji adadin kuɗin lodi ɗaya sai ka ce ai mai motar nan ya gama warkewa. In ka zauna kusa da shi ranar da ake rabawa, sai ka ji tausayinsa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne gas. Ranar da ya tashi, ranar muke fara biya. Kuɗin lodi kuwa sai ya yi ta jan ƙafa, domin motoci sun fi kaya yawa a garin nan. Ka ce ba za ka ɗauka a tsohon farashi ba, na bayanka a layi ya riga ya tayar da injin. Amma da an ji raɗe-raɗin gas zai sauko, tun bai sauko ba masu kaya sun rage nasu. Wata rana na kasa haƙuri na tambayi Alhaji.

“Alhaji, tunda ba riba, me ya sa ba za mu ajiye ta ba har abin ya daidaita?”

Ya dube ni ya yi murmushi. “Ɗana, in ta tsaya ma ci take yi. Batir ya mutu, taya ta tsage a rana, takarda ta ƙare, kai kuma iyalinka ba za su daina cin tuwo ba. In tana tafiya dai ina ganin kuɗi yana wucewa ta hannuna, ko ban riƙe shi ba.”

Yawanci shanu nake ɗauka ranar Laraba. Amma tafiyar da ba na mantawa ta wake ce, kuma ta wata mata ce da duk kasuwar hatsi ake kira Madam. 'Yar Kudu ce, Kirista. Aikin gwamnati ne ya kawo mijinta Potiskum tun tana amarya. Ya rasu, ta zauna. Ko a shekarun tashin hankali, da yawancin mutanensu suka kwashe kaya suka tafi, ita sai ta aika da 'ya'yanta gida ta ci gaba da fitowa kasuwa. Tana jin Hausa sosai, sai dai kowa “kai” ne a bakinta, mace ko namiji. Sana'arta ita ce ta sayi wake da kaka, ta ajiye a sito, in damina ta kawo kai farashi ya tashi ta sayar.

A shekarar da ta gabaci wannan tafiyar wake ya yi tsada irin wadda ba a saba gani ba, duk wanda ya ajiye ya samu. Saboda haka da kaka ta zagayo, Madam ta sayar da wani fili da mijinta ya bari, ta haɗa da jarinta, ta cika sito har rufi. Ba ita kaɗai ba, kusan kowa haka ya yi. Sai damina ta zo, maimakon wake ya hau sai ya fara sauka. Ta jira, ya ƙara sauka. Ƙwari suka fara shiga buhunan ƙasa. Ƙanwarta da ke Anacha ta ce mata a can har yanzu da tsada, mudu ɗaya ya gagari talaka. Shi ne ta yanke shawarar ta kai shi can da kanta.

Ranar ciniki ta zo gareji da ɗan kamasho. Da Alhaji ya faɗi kuɗi sai ta dafe kai.

“Haba Alhaji! Kai ma za ka kashe ni? Bara ba haka na biya ba.”

“Madam, bara nawa muke shan gas?”

“Ni ban san gas ba. Wake na sani, kuma wake ya faɗi.”

Suka yi ta ja. Ɗan kamasho ya raɗa wa Alhaji cewa akwai wata mota da ta yarda da ƙasa da haka. Sai Alhaji ya sauko, ya ce a yi lodi. Ta ba da abin da zai kai mu, sauran sai ta sayar. Kuma don ta rage kuɗin bas, ta roƙa a bar ta ta zauna a gaban mota. Ban so ba, don ban saba tafiya da mace ba, amma ta girme ni nesa, kuma Alhaji ya ce ba komai.

Muka bi ta Darazo, muka wuce Bauchi, muka hau Jos. Da farko jakarta a ƙirji, tana kallon hanya kawai. Na lura duk inda na tsaya na miƙa hannu ta taga, idonta yana kan hannuna. Akwai masu shinge, akwai masu rasit, akwai samarin da suke jawo katako mai ƙusoshi su shimfiɗa a gaban taya. Wannan ya ce na jiha ne, wancan ya ce na ƙaramar hukuma, wani ya ce na kayan gona, wani ma bai ce komai ba, hannu kawai ya miƙo. Rasit ɗin da ka karɓa a nan, in ka nuna a gaba sai a ce wannan ba namu ba ne. Ba ka da ikon musu. Ka yi gardama a ajiye ka a gefen titi har rana ta faɗi, ka biya a ƙarshe.

A gangaren Hawan Kibo na sa ƙaramar giya, muna sauka a hankali, burki yana wari. Madam ta rufe ido tana addu'a da yarensu, ni ma ina tawa a zuci. Muka wuce wata tirela kwance a rami, buhunan albasa a warwatse. Da muka sauka lafiya ta saki ajiyar zuciya ta ce, “Kullum haka kake bi?” Na ce kullum.

Kafin mu shiga garin Lafiya tayar baya ta fashe. Sabuwa ta fi ƙarfin abin da ke aljihuna, sai na sayi ta hannu a wurin wani mai faci, wadda na san ba za ta yi nisa ba. Muna zaune a kan benci ana ɗaura ta, Madam ta sayo mana gasasshiyar masara, ta miƙo mini ɗaya.

“Direba, ka yafe mini,” ta ce. “Shekara da shekaru ina cewa ku ne kuke cinye mu.”

Na yi dariya. “Mu kuma cewa muke ku ne, Madam. Yayana da ke Mamudo yana sayar muku da wake da kaka, kafin damina ba shi da kuɗin taki. Kullum yana cewa masu sito sun yi arziki da guminsa.”

“Ƙanwata kuma ba ta iya sayen waken. To, manomi yana kuka, ni ina kuka, kai kana kuka, mai ci yana kuka. Wa yake dariya?”

Na ce wataƙila masu shingen nan. Ta girgiza kai ta ce ta duba ƙafar yaron da ya shimfiɗa mana katako ɗazu, silifas ɗinsa da waya aka ɗaure. Na ce to masu gidan mai. Mai facin, da yake jin Hausa, ya ɗago kai ya nuna mana wani gidan mai a tsallaken titi, an kewaye shi da kwano, ciyawa ta fito a tsakanin famfunan. Muka ci gaba da cin masara.

Muka ƙetare gadar Makurɗi, muka bi ta Inugu, ruwa yana ta zuba, ramuka cike da taɓo. Da muka shiga Anacha da hantsi, muka nufi inda ake sauke hatsi, tun daga nesa na hango layi. Tireloli ne a jere, duk an lulluɓe su da tamfol, kuma na san da yawa daga cikin direbobin. Wasu daga garinmu, wasu daga Gombe, wasu daga wajen Kano. Na leƙa na tambayi wani me ya ɗauko. Ya ce wake. Na gaba ma wake. Duk wanda ya cika sito a Arewa ya ji labarin da Madam ta ji, kuma duk sun taso a lokaci guda.

Ta sauka ta shiga kasuwa da ƙarfinta. Ta daɗe. Da ta dawo sai ta tsaya a jikin ƙofar mota, ba ta hau ba.

“Sun taya,” ta ce.

“Nawa?”

“Bai kai yadda na saya a Potiskum ba. Ban sa kuɗin motarka ba, ban sa sito ba, ban sa 'yan dako ba.”

“To yanzu fa?”

“Ba zan sauke ba. Mu jira. Waɗannan motocin za su ragu.”

In ta sauke sai ta kama hayar sito, ba ta da kuɗin. Ni kuma ba zan iya tafiya ba, kaya yana kaina, cikon kuɗinmu yana cikin waken. Haka tirelar Alhaji ta koma sito. Ita ta tafi gidan ƙanwarta, kullum da safe ta zo ta zagaya kasuwa, ta dawo ta tsaya a jikin mota. Motocin ba su ragu ba. In biyu sun sauke sun fita, uku sun shigo.

Kowace safiya wani mutum mai jar hula zai zo karɓar kuɗin tsayuwa. Kuɗin hanyata ya ƙare a abinci da shi. Mu direbobi sai mu shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota, a yi shayi, a yi ta musu. Wani ya ce dala ce, wani ya ce shigo da abinci da aka yi daga waje ne, wani ya ce manyan 'yan kasuwa ne suka haɗa baki. Kowa yana da wanda yake zargi, kuma babu wanda ya taɓa ganin mutumin da idonsa. Ni dai ina kwance ina jin ruwa yana dukan tamfol, ina tunanin danshin da yake ratsa buhunan.

Alhaji yana kira kullum bayan la'asar. Ba ya faɗa. Sai ya ce, “Ɗana, yaya?” In ce, “Har yanzu, Alhaji.” Ya ce, “Laraba ta wuce, an yi lodin shanu babu mu.” Sai ɗayanmu ya kashe waya.

Wata rana maiɗakina ta kira. Ba mai yawan ƙorafi ba ce, sai da muka gama gaisawa, ta ba ni labarin yara, sannan ta ce, “Baban yara, abincin fa ya yi ƙasa. Jiya na so in yi musu shinkafa da wake, na aika, mai shago ya ce waken ya sauko amma ni ko hakan ba ni da shi.” Na ɗaga kai na kalli bodin motar da ke samana. Waken da ke ciki zai ciyar da Dogo Tebo gaba ɗaya har kaka. Na ce ta je wurin Alhaji ya ba ta wani abu. Ta ce ta ji kunya, don ta ga matarsa ma tana sayar da tunkiya. Na ce ta yi haƙuri, na kusa dawowa. Ban san ko gaskiya na faɗa ba.

Da aka shiga mako na biyu Madam ta zo da wata magana. Ta rame, ta ɗaura ɗankwali ko ta yaya. Ta ce an gaya mata a waya wake ya ɗan motsa a gida.

“Direba, nawa za ka mayar da shi Potiskum?”

Na ɗauka wasa take yi, sai na ga ba ta dariya. Na ce wannan sai Alhaji. Na kira shi a gabanta, na sa yadda za ta ji. A gaskiya lodin komawa ne aka miƙo masa har gida, ba sai mun nema ba, kuma na san yana bukata.

“Madam,” ya ce, “in na ɗauko miki shi na ci kuɗinki sau biyu, kuma wake ya iso rabinsa gari. Motsin da kika ji ba zai biya gas ɗin dawowa ba. Ki sayar. Abin da ya samu ki karɓa.”

“Alhaji, filin mijina ne a cikin motar nan.”

“Na sani. Ki sayar.”

Washegari ta sayar. Farashin ma ya ƙara sauka a kan wanda ta ƙi ranar farko. 'Yan dako suka kwance tamfol suka fara saukewa. Mai sayen, wani mutum mai furfura da tabarau, yana soka ƙarfe a kowane buhu yana duba abin da ya zubo a tafinsa. Buhunan da suke gefe sun sha danshi, na ƙasa kuwa da an taɓa sai ƙwari su fito suna yawo. Waɗannan ya ware su, ya rage musu kuɗi. Na zuba masa ido ina neman alamar murna a fuskarsa, don in samu wanda zan ji haushi. Ban gani ba. Da ya buɗe sitonsa aka fara shigarwa, sai na ga a cike yake da waken da ya saya da tsada, bai fita ba. Ya ce wa Madam shi ma ya saya ne don ya rage zafin na ciki, in ya haɗa mai tsada da mai araha ko zai fita ba a tsirara ba.

Madam ba ta yi kuka ba. Ta tsaya har aka sauke buhun ƙarshe. Ta ba ni cikon kuɗinmu bai cika ba, ta fara bayani, na ce Alhaji ya riga ya ce in karɓi abin da ta bayar. Sannan ta ari tsintsiya ta hau bodin da kanta, ta share waken da ya zube a ƙasa, ta tara a wani tsohon buhu, ta ce in kai wa yara. Ta ce za ta ɗan zauna wurin ƙanwarta tukuna, ba ta iya fuskantar kasuwar Potiskum yanzu.

Na ɗauka wahala ta ƙare, ashe saura neman lodin komawa. Abin da muke kaiwa Kudu ya fi abin da muke ɗaukowa yawa: shanu, wake, albasa, masara, duk can suke tafiya. Saboda haka motoci da yawa ne suke jiran kaya kaɗan. Ka koma ba kaya, ka ƙona gas a banza. Ka jira, kana ci kana biyan tsayuwa. Ka ɗauka da araha, ka kashe taya da giya a kan kuɗin da bai kai ba. Ko wanne ka zaɓa asara ce, sai dai ka auna wadda ta fi sauƙi, kuma ba ka sanin wadda ta fi sauƙin sai bayan ka yi.

Wani ɗan kamasho ya kawo mini lodin kwanon rufi har Damaturu. Kaya mai kyau, hanyar gida. Amma kuɗin da kyar zai sayi gas. Na ce a ƙara, ya ce babu, na ce to ba na ɗauka. Kafin in idar da sallar azahar wani direba ɗan unguwarmu, wanda muke shan shayi tare, ya ja motarsa ya tafi wurin lodi. Da ya zo wucewa ya leƙo ya ce, “Ka yi haƙuri, ɗan'uwa, matata ta kusa haihuwa.” Na ɗaga masa hannu. Bayan wasu kwanaki na karɓi lodin tayil, mai nauyin tsiya, a kuɗin da bai kai na kwanon ba, kuma iyakarsa Bauchi. Daga Bauchi zuwa gida haka na taho wayam, bodi yana ta ƙara a bayana. Tayar hannun nan ta fashe tun kafin Akwanga, kuma a hawan Jos na fara jin giya tana ƙugi.

Na iso Potiskum da yamma. Alhaji ya zagaya motar kamar kullum, ya tsaya a wajen giyar ya sa na tayar, ya saurara. Muka zauna na ba shi labari tun daga farko, na miƙa masa abin da ya rage. Ya riƙe a hannu, bai ƙirga ba, don babu abin ƙirgawa. Ya zare wani abu ya ba ni ya ce in kai gida. Na ce ya bari. Ya ce, “Karɓi, kai ka kwana a ƙarƙashin mota, ba ni ba.”

Makanike ya ce sai an sauke giya. Alhaji ya ce a dakata. Motar ta tsaya a bakin titi har damina ta ƙare, awaki suna kwana a inuwarta. Ni kuma na karɓi keke napep na wani maƙwabci ina ɗan zagayawa, daga Dogo Tebo zuwa kasuwa, wani lokaci har Mamudo. Mutumin da ya saba kallon rufin motoci daga sama, ga shi yana kauce wa tayar tirela. Fasinjoji da suka san ni sai su ce, “A'a, direba, hutu kake yi?” In ce e, hutu.

Bayan kaka wani saurayi ya zo sayen motar. Ɗan gidan makiyaya ne da suka zauna a gari, mahaifinsu ya rasu, ya sayar da kasonsa na shanu. Ya ce ya gaji da ganin masu tirela suna cinye ribar shanu, gara shi ma ya shiga. Ina zaune Alhaji ya gaya masa komai, bai ɓoye ba: giyar, tayoyin, gas, shingaye, lodin komawa. Saurayin yana ta murmushi yana cewa, “Haka ne, Baba.” Da muka fito ya kama hannuna ya ce, “Dattijon nan bai so rabuwa da ita ba ne, shi ya sa yake tsorata ni. Kai ka san ta, kai za ka ci gaba da ja.” Na buɗe baki zan ce masa kada ya saya, duk abin da ya ji gaskiya ne. Sai na tuna keke ba nawa ba ne, kuma mai shi ya fara maganar ɗansa zai karɓa. Na dai ce masa, “Abin da Alhaji ya faɗa haka yake.” Ya yi dariya ya ce Allah zai rufa asiri. Na ce amin, na karɓi makulli.

Madam ta dawo Potiskum a wannan kakar. Na gan ta a kasuwar hatsi tana auna wake, buhu kaɗan a gabanta, ba sito. Na ce, “Madam, waken dai?” Ta ce, “To me na iya? A wannan shekarun zan koyi ɗinki?” Ta tambayi yara, ta tambayi Alhaji.

Alhaji kuwa da kuɗin motar ya biya wa 'yarsa kayan ɗaki, ya koma ƙauyensu bayan Mamudo yana noma. Nakan je gaishe shi in na samu sarari. Zuwan da na yi na ƙarshe na same shi a bakin gona, ya tsufa sosai, yana zaune a kan turmi. Ya tambaye ni yaron da ya sayi motar yana samu? Na ce ya sayar da ragowar shanun ƙanensa ya sayi tayoyi, kuma ya fara kirana bayan la'asar yana tambaya yaya. Alhaji ya kaɗa kai. Ya ce in riƙa duba ruwan lagireto kafin in hau Jos, tana shan ruwa fiye da yadda take nunawa. Na ce to. Jikarsa ta kawo mana kunu a kwano, muka sha, na yi masa sallama da wuri don washegari Laraba ce, akwai lodi.